Ku da kuka koyi Python daga littafin misalai, ya kuka ƙare da shi?

Mai neman sani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ina bin wani littafin Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, irin wanda kowane babi matsala ce sai kod ɗin da ke warware ta, kamar littafin girke-girke. Na wuce misali 40, duk sun yi aiki a kwamfutata. Jiya yayana ya ce in rubuta masa ɗan abin da zai riƙa lissafa bashin da yake bin kwastomominsa a shago. Na buɗe farin shafi, wallahi na rasa ta inda zan kama. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya bi ta wannan hanya ya gaya mini yadda ya yi.

Malamar lissafi: Wa'alaikumus salam ƙanena. Da hannunka kake buga misalan, ko kwafa kake yi ka liƙa? Ni ma haka na yi wata guda ina kwafa, ba abin da ya zauna. Ranar da abin ya fara shiga kaina ita ce ranar da na ɗauki wani misali na tara kuɗin ciniki daga fayil ɗin CSV (fayil ɗin jadawali da ake raba bayanansa da waƙafi), na cire kayan cinikin na zuba makin ɗalibaina 62. Nan take ya ƙi. Da na gyara jimillar, sai na ce ya jera mini sunaye bisa haruffa da sorted, umarnin Python na jera abubuwa. Ina dubawa na ga Ɗahiru da Ƙasimu can ƙasa, a bayan Zainab. Kwana biyu ina neman dalili. Ashe kowane harafi yana da lambarsa, kuma da lambar ake jerawa: Z tana da 90, Ƙ kuwa 408. Mai littafin bai san da ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka bai tanadar musu komai ba. Dole na koyi amfani da key, wanda da shi ake gaya wa sorted yadda zai jera, na gaya masa da kaina cewa Ɗ tana bin D. Da na zo ajiye sakamakon a Windows kuma ya sake watso mini jan rubutun kuskure, sai da na ƙara encoding="utf-8", tsarin ajiye rubutu da ya san waɗannan haruffa. Abin da na koya a wannan mako ya fi na watan da na yi ina kwafa, kuma har yau da wannan ɗan kod nake haɗa sakamakon jarrabawa.

Mai gyaran waya: Malam, ka fara duba shekarar da aka buga littafin. Nawa na hannu na saya, ashe na Python 2 ne. Layin farko, print "sannu", ya ƙi tashi, don a Python 3 sai da baka biyu. Wanda ya fi ruɗa ni shi ne rabawa: littafi ya ce 7/2 zai ba da 3, ni kuma ina ganin 3.5. Na ɗauka kwamfutar ce ta samu matsala. Python 3 ta fito tun 2008, an daina kula da Python 2 a Janairun 2020, amma tsofaffin littattafan suna nan suna yawo a hannun mutane.

Ɗalibi daga Zariya: Ni ba ni da kwamfuta, a waya nake yi da Pydroid 3, manhajar rubuta Python a waya. In ka kwafo daga PDF tazarar farkon layi watsewa take yi, ita kuwa Python da tazarar take gane abin da ke cikin mene. Sai na koma littafin rubutu. In an ɗauke wuta na rubuta misalin da biro, na rubuta a gefe abin da nake zaton zai fito, in waya ta samu caji na gwada. Duk inda zatona ya saɓa, nan ne ban gane ba.

Tsohon hannu: Ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na Malama. Irin waɗannan littattafai an rubuta su ne don wanda ya riga ya san tushen Python, irin su list (jerin abubuwa) da dictionary (suna da abin da ke tare da shi) da for (maimaita aiki), yana neman hanya mafi sauri. Wanda bai kafu ba ya koma ya kafu tukuna. Sannan bayanin da ke ƙarƙashin kod ɗin, wanda kowa ke tsallakewa, can ne naman yake. Ni tsallake shi ya ja mini asara. Na gwada misalin goge fayiloli a kan ainihin hotunan aikina, ban karanta gargaɗin ba. Abin da umarnin os.remove ya goge ba ya zuwa kwandon shara, tafiya yake yi. Ka riƙa gwaji a kan kwafi, ƙanena.

Mai neman sani: Allah ya saka da alheri. Malama, gaskiya kwafa nake yi. Yau da asuba na rufe littafin, na buga dictionary da hannuna, sunan kwastoma uku da bashinsu, ya ba ni jimilla daidai da ta littafin bashin yayana. Matsalata yanzu, in na rufe kod ɗin komai ɓacewa yake yi. Da CSV zan ajiye, ko akwai abin da ya fi shi sauƙi?