Sinadaran kitse, gado da asmar yara: ina gaskiyar alaƙar take?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. Ana cewa asma ta fi addabar yara masu ƙiba, kuma wai bambancin ƙwayoyin gado na leftin da adifonektin na da hannu a ciki. Shin gadon ne ke kawo ciwon, ko ƙibar ce kawai? Kuma akwai amfani a yi wa yaro gwajin waɗannan ƙwayoyi?

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kitse ba ajiya ba ce kawai, yana zuba sinadarai cikin jini. Leftin, wanda ɗakin binciken Jeffrey Friedman ya gano a 1994, yana ƙaruwa gwargwadon yawan kitse, kuma yana zuga garkuwar jiki ta fitar da masu kawo kumburi irin su IL-6 da TNF. Shi kuwa adifonektin yawanci kwantar da kumburi yake yi, amma abin mamaki, raguwa yake idan ƙiba ta yi yawa. Tunda asma kumburin hanyoyin iska ce, hankali na iya ɗaukar cewa akwai alaƙa.

Sai dai ƙiba tana da wata hanyar da ba ruwanta da sinadari. Kitsen ciki da na ƙirji yana rage iskar da ke saura a huhu bayan an fitar da numfashi, ƙananan hanyoyin iska su matse. Yaro mai ƙiba na iya yin haki ba shi da asma. Shi ya sa ake tabbatarwa da gwajin busa iska daga wajen shekara 5 ko 6: a auna FEV1, wato yawan iskar da yaro ke iya busowa da ƙarfi a daƙiƙa ta farko, a ba shi salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, maikirogiram 400, a jira minti 15, a sake aunawa. Ƙarin kashi 12 cikin 100 ko fiye yana goyon bayan asma. Gwajin gadon kuwa ba ya canza magani ko kaɗan, kar a wahalar da iyaye.

Malamin Ilimin Gado:
Abin da Dokta ya faɗa haka yake. Ga wuraren da aka fi dubawa a ƙwayoyin gado. Kowace lambar rs suna ce ta wurin da harafi ɗaya na DNA ke bambanta tsakanin mutane. LEP, mai yin leftin, yana kan kuromosom (ƙunshin DNA) 7, ana duba rs7799039 da ke yankin da ke kunna shi. LEPR, mai karɓar saƙon leftin, yana kan kuromosom 1, kuma rs1137101 yana musanya amino asid (tubalin furotin) ɗaya a gurbi na 223. ADIPOQ, mai yin adifonektin, yana kan kuromosom 3, inda ake duba rs2241766 da rs1501299.

Matsalar ita ce sakamakon ba ya jituwa. Wannan bincike ya ga alaƙa, wancan bai gani ba, na uku ma ya ce ɗaya harafin ne mai haɗari. Dalili na farko shi ne ƙarancin yaran da ake ɗauka, alhali tasirin harafi ɗaya ƙanƙani ne. Na biyu, yawan waɗannan haruffa ya bambanta tsakanin al'ummomi. Idan marasa lafiya daga wannan zuriya suke, masu lafiya daga waccan, za a ga bambancin da bai shafi asma ba. Na uku, a gwada wurare goma sannan a bayyana ɗayan da ya yi dace.

Manyan binciken da ke leƙa dukkan ƙwayoyin gado, masu tsauraran ƙa'idojin lissafi, wasu wurare suka fi nunawa: yankin 17q21 mai ɗauke da ORMDL3 da GSDMB, wanda aka bayyana a 2007, sai IL33 da TSLP. A ganina leftin ya fi kama da ɗan aike tsakanin ƙiba da huhu, ba tushen ciwon ba.

Ɗalibar Jinya:
Na gode, Malam. To wanda zai yi irin wannan bincike, a ina aka fi yin kuskure?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
A wajen ɗibar jini. Leftin yana hawa da dare, yana sauka idan an daɗe ba a ci abinci ba, don haka a ɗiba da safe, a lokaci guda ga kowa, a raba ruwan jinin a daskarar, kar a yi ta narkarwa ana mayarwa. A lura da ma'auni: leftin nanogiram ne a kowace mililita, adifonektin maikirogiram, ya ninka shi wajen dubu, dole a sirka samfurin adifonektin sosai kafin ELISA, gwajin da ke auna yawan sinadarin.

A rubuta maganin da yaro ke sha, domin siteroid irin su prednisolone suna ɗaga leftin. Sai a zata asma ce ta ɗaga shi alhali magani ne. A raba maza da mata, a kuma rubuta matakin balaga, saboda leftin na 'yan mata ya fi yawa, kuma asma da ta fi yawa a yara maza tana komawa wajen mata bayan balaga.

Jinin gwajin DNA a bututu mai EDTA ake ɗibarsa, ba mai hefarin ba (dukansu suna hana jini daskarewa), domin hefarin yana hana PCR, hanyar ninka DNA, tafiya. Idan da inzam, wato sinadari mai yankawa, ake yanka DNA, yankan da bai kammala ba yana sa mai haruffa iri ɗaya ya bayyana kamar mai iri biyu. A duba daidaiton Hardy-Weinberg, wato ko rabon haruffan ya yi daidai da yadda lissafi ke tsammani, a rukunin masu lafiya, a kuma maimaita wasu samfurori ba tare da mai gwajin ya san na waye ba.