Baffa ya hana ni neman aikin ɗan sanda, don Allah ku ba ni shawara

Ɓoyayyiya: Salamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana don Allah. Ni 'yar Kofar Marusa ce a birnin Katsina, shekarata 23, na gama NCE tun bara ina zaune, Baba ya rasu ya bar mu mu bakwai kuma ni ce babba, ɗinkin da nake yi bai taka kara ya karya ba ga rashin wuta ga keken ma na maƙwabciya ne. Shi ne na ce in an buɗe ɗaukar kurata zan cike, ina da kiredit biyar har Turanci da lissafi, tsawona ma ya wuce mita 1.64 da ake nema ga mata. Baffa ya ce ba dai a gidan nan ba, shi kuma wancan ya daina ɗaga wayata. Ya zan yi?

Maman 'Yan Biyu: Ƙanwata ki cike kawai! Ranar da aka kai ƙanwar maigidana caji ofis kan rigimar kishiya ko mace ɗaya mai jin Hausa babu, gaban maza ta yi bayanin sirrinta tana kuka. Ƙananan hukumomi 34 gare mu kowace da kasonta, mu ƙi tura 'ya'yanmu sannan mu dawo muna ƙorafi. Tun 2022 zamanin Usman Alkali Baba aka yarda mace ta sa ɗankwali ƙarƙashin hula.

Ɗan Daura: Hajiya ɗankwali ai ba hijabi ba ne. Yayana shekara 35 ya yi cikin kaki, yau zancen fansho kaɗai ke tada mashi hawan jini.

Uwar Gida: Wai waye wancan? An sa rana ne? Ki nemi koyarwa ki bar fushin manya.

Maman 'Yan Biyu: Koyarwar tana ina? Kar ki saurare su, ki kai ma Baffa wani malami da yake jin nauyi. Fom kyauta ne kar ki ba kowa sisi.

Ɓoyayyiya: Yaya ni ba rashin kunya nake ma Baffa ba, amma tun rasuwar ko kwanon masara bai taɓa aiko mana ba. Zancen wancan kuma a bar shi.

Ɗan Daura: To in aka tura ki Jibia ko Batsari fa, wa zai riƙe ƙannen?

Ɓoyayyiya: Ai Umma na nan. Kuma na riga na karɓo takardar ƙaramar hukuma tun Litinin.