Fuloti kusa da katangar Abiyeshan, takardar ƙaramar hukuma ta isa in ɗora bene?

Abban Sadik:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sani a fitar da ni duhu. Akwai wani fuloti da ake min talla ta wajen Palladan a Zariya, ba nisa da katangar Abiyeshan, wato kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ƙafa 50 da 100. Niyyata in yi shaguna a ƙasa in ɗora hawa biyu na haya saboda ɗalibai, sai tankin ruwa a can sama tunda dole sai an yi burtsatse. Dillalin ya nuna min takardar ciniki da sa hannun mai unguwa, da wata kuma mai hatimin ƙaramar hukuma, ya ce da waɗannan ko bene goma zan yi ba mai ce min kanzil. To jiya na kai birkilana ya ga wurin, muna tsaye sai ga jirgin ɗalibai ya bi ta kanmu ƙasa-ƙasa har tayoyinsa nake gani, shi ne ya ce Alhaji a dai sake bincike. Wai shin wa ke da hurumin duba fulan ɗin gini a irin wurin nan, ƙaramar hukuma ce ko masu jirgin?

Injiniya Hanwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Birkilanka ya fi dillalinka ƙaunarka. Abu uku ne mutane ke cakuɗawa: mallakar filin, izinin gini, sai kuma tsawon ginin, kuma babu ko ɗaya da sakatariyar ƙaramar hukuma za ta yanke maka shi. Takardar fili KADGIS ce, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, fulan ɗin gini KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ke dubawa ta sa hannu, tsawo kuma a kusa da filin jirgi maganar NCAA ce, hukumar tarayya mai sa ido kan sufurin sama, su ke ba da takardar amincewa da tsawon gini ko turken sabis.

Wajen tsawon nan ne ake yawan kuskure, sai mutum ya ce ai ni na yi nisa da katanga. Ba nisa kaɗai ake dubawa ba, ta wane ɓangaren titin jirgin kake? A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin sama ta duniya, ana zana wasu shimfiɗu ne a sararin sama waɗanda ido ba ya gani, daga bakin titin ta inda jirgi ke sauka da tashi shimfiɗar na farawa daga ƙasa tana hawa a hankali kamar gangare, a manyan filaye sai ka yi mita 50 gaba kafin ta ɗaga mita 1, a gefe kuma hawanta ya fi tsini, sannan akwai wata a kwance mita 45 sama da filin da ta kewaye shi. Duk abin da ya huda su ya zama cikas, gini ne, eriya ce, ko bishiya. Shi ya sa za ka ga wani yana jingine da katanga ta gefe ya yi benensa lafiya, wani kuma ya fi shi nisa amma yana saitin titin, ginin ƙasa ma da ƙyar. Kuma daga ƙololuwa ake aunawa, wato tankin nan naka da ƙarfen da zai zauna a kai duk suna cikin lissafi, idan fulotin a kan tudu yake shi ma an ƙara.

Tunda ka ce jirgi ta kanku ya bi ƙasa-ƙasa, ni dai jikina ya ba ni kana saitin. Ka nemi safiyo mai rajista ya ɗauko maka lambobin wurin da tsawon ƙasar kafin ka biya ko sisi.

Ɗan Kwangila:
Haba Injiniya kana ta tsorata bawan Allah. Benaye nawa ne a Palladan da Hanwa, duk Abuja suka je neman izini? Jiragen nan fa ƙanana ne na koyo, ba irin na alhazai ba. Alhaji in kuɗinka sun kai ka zuba harsashi kawai.

Injiniya Hanwa:
Ɗan'uwa ai na koyon ne ma abin tsoro, ɗalibi ne a kan sitiyari yana sauka yana tashi yana zagayowa wuni guda. Kuma ban ce kowane bene a Palladan sai da takardar NCAA ba, na ce a auna wannan ɗin.

Malam Na Tudun Wada:
Ni ta ɓangaren filin zan yi magana don nan ne na fi jiye maka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha ne a hannun gwamna, a cikin gari shi ke ba da shaidar mallaka, ƙaramar hukuma ikonta na ba da fili ya tsaya ne a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba. Filin da yake hannun gwamnatin tarayya ko hukumominta kuwa dokar ma ba ta taɓa shi ba, yana nan nasu. Kwalejin nan tun 1964 take, lokacin duk kewayen gonaki ne, gari ne ya zo ya same ta, kuma ba dole ne iyakarta ta takarda ta tsaya daidai inda ka ga katanga ba. In fulotin ya faɗa ciki to hatimin ciyaman da sa hannun mai unguwa ba abin da za su tsinana maka. Ɗan Kwangila ka manta rusau ɗin unguwar Graceland na 2021 ne? Gwamnati ta ce filin kwalejin ne, masu gidajen suka ce suna da takardunsu, amma dai katafila ta shiga. Ka kai lambobin safiyon KADGIS a duba maka a taswira, wannan ne matakin farko, tsawon bene sai fili ya tabbata naka ne tukuna.

Maman Ilham:
Yaya ni ban san doka ba amma mun yi haya shekara uku ta wajen. Ƙarar za ku saba, yara har ɗaga wa jirgin hannu suke. Abin da na ga ana damuwa da shi bola ce, in aka tara juji ko aka buɗe wurin yanka sai shirwa da hankaki su cika sama, tsuntsu kuwa in ya bugi jirgi ba ƙaramin abu ba ne. To in za ka zuba 'yan haya da masu shaguna ka san inda shararsu za ta dinga zuwa. Maigidana ma cewa yake kwano mai ƙyalli da fitila mai haska sama suna kashe wa matuƙi ido, shi mara sheƙi ya fi so a wurin.

Abban Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira dillalin na ce a bari safiyo ya zo ranar Asabar, sai ya fara min wai akwai wani daga Kano da ya matsu zai biya gobe. Na ce ya sayar masa in ya zo. Injiniya in lambobin sun fito zan turo maka ta akwati ka duba min, in hawa ɗaya ne ya halatta sai in sauko da tankin gefe.