Gansakuka ta rufe mini ɗakin ajiya a Manchesta, ina neman shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini, abin nan ya hana ni barci. Shekararmu uku a Manchesta, maigida ya zo karatu, daga baya na biyo shi da yara biyu. A bayan gidan akwai ɗan ɗakin katako, nan na jibge duk abin da ɗakin girki bai ɗauka ba: turmin da Hajiyarmu ta sayo mini a kasuwar Kurmi, tukwanen suna, kekunan yara, da akwati biyu na atamfofin lefena da ban ɗinka ba. Turmin nan sai da na biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi saboda shi, maigida yana ta faɗa. To tun watan Oktoba bangon da ke jikin shingen maƙwabci ya koma kore shar, rufin kuma wata gansakuka mai kauri kamar katifa ta hau shi. Na wanke da omo da burushi sau biyu, ta dawo. Jiya na buɗe akwati ɗaya sai warin funfuna. Maigida ya ce a bari sai bazara. Ni ba zan iya jira ba. Me zan yi?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Hajiya, baƙin mai kawai. Mu a nan Fatakwal shi muke shafa wa katako, ba gara ba gansakuka.

Injiniya: Malam Baban Ummi, kada ka jefa baiwar Allah cikin matsala. Baƙin mai zai bi ruwa ya shiga ƙasa da magudana, kuma yara na wasa a wurin. Ko kiriyosot, wani mai na kwalta da Turawa suka saba shafa wa katako, an hana mutanen gari amfani da shi a nan Ingila tun 2003. Maman Hanif, shekarata 19 a nan Ingila, ki saurare ni. Wanki ba zai raba ki da ita ba, domin laima ce ke ciyar da ita. Ina da tabbacin bangon nan arewa yake kallo, rana ba ta taɓa shi duk hunturu. A Kano ruwa zai zuba kamar da bakin ƙwarya, da rana ta fito komai ya bushe. Nan yayyafi ne wata da watanni. Sai an janye ɗakin daga jikin shinge iska ta riƙa ratsawa, a ɗora shi kan katakai ya bar ƙasa, a sa masa indararo. Ki sayi maganin gansakuka mai sinadarin benzalkonium, ki fesa ranar da ba ruwa, kada ki ɗauraye, ki kuma hana yara da kyanwa zuwa har ya bushe, yana yi wa kyanwa illa sosai. Rufin da me aka yi shi?

Maman Hanif: Yaya Injiniya na gode, amma janye ɗakin ba zai yiwu ba, wa zai ɗaga? Kuma ba sakaci na yi ba, akwatunan a kan bulo na ɗora su, na kuma rufe da leda.

Injiniya: Ledar ce ta kama laimar ta riƙe a ciki. Rufin nake tambaya.

Anti Balki: Ƙanwata, ni Hypo na sani, ko wani bilic ɗin da kuke da shi a can, ki haɗa da ruwan khal ya fi ƙarfi. Ke dai gode Allah naki ɗakin ajiya ne. Ni a Legas cikin ɗakin kwanana bangon ya yi baƙi, mai gida shekara biyu yana cewa zai turo mai gyara, kuɗin haya kuwa bai fasa ƙarawa ba. Autana kullum tari.

Injiniya: Subhanallahi! Anti, kada a haɗa bilic da ruwan khal, iskar kulorin yake fitarwa, tana ƙona huhu. A ɗakin da ba taga kuwa abin ya fi muni. Maman Hanif, kada ki gwada.

Ɗan Kumasi: Ku ara injin wanki mai ƙarfin ruwa, minti 20 an gama. Nawa haka na yi. Anti Balki, Allah ya ba yaro lafiya, masu gidan haya duk halinsu ɗaya, namu a Zango ma sai da muka yi karo-karo muka gyara rufi da kanmu.

Injiniya: Naka bangon siminti ne. Katako injin zai farfasa shi ya cusa masa ruwa, in rufin na takardar kwalta ne ya yage ta. In kuma tsohon rufin asbestos ne, mai ƙurar nan da ke cutar da huhu, wanda aka hana a nan tun 1999, ko burushi kada ya taɓa shi. Shi ya sa nake ta tambaya. Atamfofin kuma ki kwashe su yau ki shigar cikin gida.

Maman Hanif: Cikin gida ina? Ɗaki biyu ne da mu. Kuma Yaya, kowa a layinmu nan yake ajiye kaya, ba ni kaɗai ba. Rufin baƙi ne dai, ban hau na duba ba. Wata maƙwabciyata ta ce fenti zai rufe koren, har na sayo gwangwani biyu.

Injiniya: Fenti a kan jiƙaƙƙen katako ɓarewa zai yi. Ki ajiye shi sai wajen watan Mayu. Gidan ma naku ne ko haya? In haya ne, mai gidan za ki fara rubuta wa.

Baban Ummi: Ni dai ɗakina shekara 8 da baƙin mai, yana nan garau.

Maman Hanif: An ce ranar Asabar ba ruwa. In na shafa fentin a bangon gaba kawai, wanda rana ke samu, shi ma ɓarewa zai yi?