Ta yaya ƙanena zai sa hannu a madadina da GnuPG ba tare da ya zama ni ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da ɗan kamfanin fitar da man kaɗanya a Aboabo, Kumasi, kuma masu sayen kayanmu a Jamus ba sa karɓar takardar farashi sai da sa hannun GnuPG, wato manhajar da ake sa hannu na dijital da ita ta hanyar makullin sirri. Zan tafi Umra, ina so ƙanena ya riƙe wannan aikin, amma babban makullina ba zai bar hannuna ba.

Na ƙirƙiro ƙaramin makullin sa hannu, nau'in Ed25519, mai wa'adin wata biyu, na fitar masa da shi kaɗai da umarnin --export-secret-subkeys. Da farko kwamfutar masu sayen ta ce ba ta san makullin ba. Na tura musu sabon makullina na jama'a, wanda da shi ake tantance sa hannun, wannan ta wuce.

Inda na maƙale: in suka tantance, sunana ke fitowa tsaf, babu alamar wakili ne ya sa hannu. Kuma ba abin da zai hana makullin nan sa hannu a kwangila ko takardar bashi. Ba zarginsa nake ba, amma kwamfutar shago kowa taɓa ta yake. Na karanta tsarin sa hannun wakilci na Mambo, Usuda da Okamoto na 1996, sai dai GnuPG ba ya yin sa.

Wace hanya ce za ta nuna sunansa a matsayin wakilina, ta kuma taƙaita ikonsa ga takardun farashi kawai?