Na gyara tsarin shafukan ƙananan hukumomi a sandbox, in ɗora ko in jira?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum 'yan uwa. Shafukan ƙananan hukumomin Jigawa 27 a Hausa Wikipedia kowanne da kalar tsarinsa, wani hoto ya danne rubutu, wani babu ma sashen tarihi. Na zauna na fitar da tsari guda a sandbox ɗina (shafin gwaji), na kai maganar Kofan al'umma (dandalin tattaunawar editoci) yau kwana 9, mutum biyu kaɗai suka tanka, ɗayan ma "madalla" kawai ya rubuta. To shirun nan yarda ce ko in ƙara jira? Databox (akwatin taƙaitattun bayanai na shafi) ba zan taɓa shi ba, jerin sassa kawai zan daidaita.

Sadauki: Wa alaikumus salam. Don Allah kar ka cire Databox malam, daga Wikidata, rumbun bayanan da Wikipedia ke amfani da shi, yake jawo bayanai, in ka cire shi ka ɓata aiki.

Ɗan Ringim: Yaya ai na ce ba zan taɓa shi ba 😅

Baban Khalil: Hmm ƙanena ka tuna min da abin da na so in manta. Ni na Katsina na yi, guda 34, sati uku ina kwana a kai, da waya fa, ba kwamfuta ba, cikin dare in yara sun yi barci in an kawo wuta in jona caji in ci gaba, na gama ina jin daɗi har na tura wa mai ɗakina ta gani, da asuba na duba sai na tarar wani admin ya maido da komai yadda yake. Ko sallama bai yi min a shafin tattaunawa ba, abin da ya rubuta kawai "ba a cimma matsaya ba". Da wa zan cimma? Na yi tambaya babu wanda ya kula ni! Abin da ya fi ƙona min rai, bayan 'yan watanni sai ga kusan irin tsarin nawa wani ya ɗora, shi ba a taɓa masa ba. Data ta kusan dubu 15 na ƙona a banza.

Mai Shayi: Dubu 15 Baban Khalil? Rubutu fa ba ya shan data, ni ta dubu 2 tana kai ni wata. Ko dai TikTok ya taya ka sha 😂

Baban Khalil: Kai da gyaran waƙafi kake yi ina za ka sani. Buɗe VisualEditor, manhajar gyaran shafi, ka ɗora hotuna a Commons, ma'ajiyar hotunan Wikipedia, ka gani.

Anti Zee: Ni ta dubu 6 nake sa wa, kuma ba ta kai ƙarshen wata. Amma Baban Khalil ka yi haƙuri, aikinka bai ɓata ba, yana nan a tarihin shafi, ana iya dawo da shi. Ɗan Ringim, shawarata ka gwada a shafi uku tukuna, ka kira sunan masu yawan gyara shafukan don sanarwa ta same su, ka ce nan da sati ɗaya in babu ƙorafi za ka ƙarasa. Kuma ka duba a waya, yawancin masu karanta mu da waya suke.

Mai Shayi: Shirun budurwa ne yarda, shirun admin kwanton ɓauna ne.

Sadauki: Ni dai da gyara sama da dubu 12 nake magana. Ko masu Wikipedia ta Turanci da aka sa musu sabon fasalin shafi na Vector 2022 a Janairun 2023 sai da aka yi ta rigima ana neman a dawo da tsohon. Jamusawa kuwa a 2014 kan Media Viewer, manhajar nuna hotuna, har kulle musu shafi aka yi da superprotect, kullen da ko admin ba ya iya buɗewa, sai 2015 aka soke irin wannan kullen. Canza fasali ba wasa ba ne, a bar wa waɗanda suka daɗe.

Anti Zee: Yawan gyara ba hujja ba ne malam. Matsaya ba ƙuri'a ba ce kuma ba sarauta ba ce, dalilin mutum ake dubawa. Kuma waɗancan manhajar gaba ɗaya aka canza, shi bawan Allah sassa yake jerawa.

Abu Sokoto: ni matsalata ba tsari bane, masu gasar rubuta shafuka ne da suke zuba fassarar inji su gudu, shafi yayi kyau amma ka karanta baka gane komai, wa zai gyara wannan

Mai Shayi: Kai fara gyara ƙugiyoyinka tukuna Basakkwace 😂

Baban Khalil: To wannan ma wata ce. Ka nemi "Ƙaramar hukuma" ka samu shafi, ka nemi "Karamar hukuma" ka samu wani daban, maimakon a yi turawa ɗaya ya kai ka ga ɗayan. Na taɓa haɗe irin waɗannan, nan ma aka ce ban yi shawara ba.

Ɗan Ringim: Jama'a to in fara da ukun ko in jira?

Abu Sokoto: wayata bata da k mai lankwasa, wane keyboard kuke amfani dashi