Ledar da aka ce tana ruɓewa: wa ya gwada ta?

Mai sayar da abinci, Agege:
Assalamu alaikum. Tun da gwamnatin Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairun 2024, na koma amfani da mazubin da aka yi da tukar rake. Shinkafa da wake suna zama a cikinsa lafiya lau, amma idan miya mai mai ta daɗe sai gindinsa ya yi laushi, ga shi kuma ya fi na da tsada. Ina so in ji daga waɗanda suka gwada, shin da gaske irin waɗannan kaya suna ruɓewa?

Malamin gona, Zariya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na rake kam yana ruɓewa, domin na gani da idona a ramin takina. Wanda ya ba ni kunya shi ne wani kofi garai-garai da aka yi da sitacin masara, irin wanda ake kira PLA. Na binne shi a farkon damina, na tono bayan girbi, na same shi yadda yake, in ban da dusashewa da ya yi. Dalili kuwa shi ne, irin wannan roba tana buƙatar zafin da ya kusa digiri 60 tare da danshi na tsawon makonni, kuma masana'antar taki ce ke iya riƙe wannan yanayi, ramin manomi ba ya kaiwa. Idan aka yar da ita a bola lokacin hunturu, ina ganin ba ta da maraba da baƙar leda.

Ɗaliba, Italiya:
Malam ya yi gaskiya. A nan tun 2018 doka ta wajabta ledar da ke zama taki wajen auna kayan lambu a kantuna, kuma ita nake zuba ragowar abinci a ciki, masu shara su kwashe zuwa wurin sarrafawa. Ba ta da ƙwari, idan ta kwana da jiƙaƙƙen ɓawo takan yage.

Mahauci, Maraɗi:
Mu a mahauta mun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin shanu da awaki, duk da dokar hana leda da Nijar ta kafa a 2014. An taɓa kawo mini wata da aka ce tana ruɓewa, na rataye ta a rumfa, bayan watanni ta marmashe ta zama ƙananan gutsattsari, iska ta watsa su cikin dusar tumakina.